Uwaliya, Mai Zana Rana a Ƙunshin Magani

Kafin a gama sharar safe, Malama Uwaliya ta iso asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye a yankin Masanawa. Sai ta zauna bakin taga, ta fiƙe fensir da reza, ta yanka takardun ƙunshin magani, ta kama zane ita kaɗai. Haka ta yi shekara talatin da 'yan kai, har ta yi ritaya bana.

Ba da zane ta tashi ba, ko layi ba ta iya ja a miƙe. A shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da ake ƙulle ƙwaya a yagaggen littafi, ta rubuta wa wata uwa mai suna Sauda yadda za ta ba 'yarta magani. Sauda ba ta karatu, kunya kuma ta hana ta faɗa. Ta haɗa na kwana uku ta ɗura wa yarinyar rana ɗaya. Da ƙyar aka ceto ta a asibitin Gwarzo. Babu wanda ya zargi Uwaliya, amma abin ya tsaya mata a rai.

Ta tafi Kabo wurin Malam Zailani, wani tsohon malamin firamare, ta roƙe shi ya koya mata zana rana, don marasa karatu su riƙa gane lokacin shan magani. Ya yi dariya ya ce, "Da girmanki, Malama? To, je ki yi ta zana da'ira a ƙasa da tsinke, sai ta daina kama da ƙwai."

Wata biyu tana fama. Da ta zana rana ta farko a takarda, wata tsohuwa ta jujjuya ta ta ce, "'Yar nan, wannan ƙosai ne? Da ƙosai zan sha?" Abokan aiki suka raɗa mata 'yar aji ɗaya. Su tafi cin abinci tare, ita tana nan tana gogewa tana sakewa. Kaɗaicin ya yi mata ciwo, ba ta dai ajiye fensirin ba. A hankali rana ta fito sosai: ga ta tana hudowa, ga ta tsaka, ga ta tana faɗuwa, da cokali ƙarƙashin kowace, da babban mutum ko jariri a gefe.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, wani dattijo ya zo cikin mutunci ya ce, "Malama, ki ji tsoron Allah game da zanen mai rai." Ba ta yi musu ba, domin ita ma maganar ta shige ta. Ta cire mutanen ta sa takalmi, babba na babba, ɗan mitsitsi na yaro. Ta sake zama 'yar koyo, don takalmi ya fi rana wuya.

Ke ce idon marasa karatu, Uwaliya. Ke ce kika yarda a yi miki dariya don kada wata uwa ta yi kuka. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Yanzu hannunta ya fara rawa, mata kuwa ba su daina biyo ta gida da ƙunshin maganinsu ba. Tsoronta ɗaya, ta tafi babu wanda ya iya. Kowace Asabar takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta fiƙe fensir huɗu domin duk mai son koyo. Ma'aikatan lafiya na Gwarzo da Kabo, don Allah wani ya je ya zauna mata. Wata shida ke nan, fensirinta ne kaɗai ya gajarce.