Zanen Biko

Ni tela ce, kekena yana rumfar tsakar gidanmu a Matamai, kuma nakan gane zanen biko tun ba a kwance ledarsa ba. A garin nan in miji ya daki matarsa ta yi yaji ta koma gidan iyayenta, ba ya zuwa lallashi hannu rabbana. Yakan turo kawunsa ko abokinsa da goro da turmin atamfa, shi ke nan an yi biko, ta koma ɗakinta. Matan unguwa su taru suna shafa zanen suna cewa wance kin more miji. Ba mai tambayar abin da ya kumbura mata ido.

Ƙanwata ta fi kowa kawo mini irin wannan ɗinki. Mijinta cin rani yake zuwa Kano, ya dawo da damina da kuɗi a aljihu da zafin hannu. Gwargwadon munin dukan, gwargwadon kyan zanen. Shekarar da ya fasa mata haƙori har leshi ta samu. Ɗiyarta ta fari kuwa ta tashi tana ganin akwatin uwarta na cika, tana jin mata na yaba babanta.

Yarinyar nan ni na yaye ta, Inna take ce mini, kuma wallahi ina son ta kamar raina. Ga kai, don a lakwal, wato makarantar boko, ba a taɓa kai ta baya ba. Sai ta yi saurayi, wani ɗan kabu-kabu mai jigila da moto, wato babur, tsakanin Matamai da Ɗan Barto. Ya saya mata waya, amma kullum in ya zo zance sai ya karɓe ya bincike ta tas. Wata ranar kasuwa ya gan ta a bakin tasha tana gaisawa da wani ɗan ajinsu, ya sauko daga moto ya sharara mata mari a gaban jama'a. Washegari sai ga ta da ledar atamfar da ya ba ta a hammata, tana murmushi har kunne, wai in yi mata riga da zane.

Raina ya ɓaci, na ture keken na zaunar da ita. Na ce mata ko akuya ba a mara sannan a ba ta dusa a ce an kyauta mata. Na ba ta labarin marigayi mijina, Allah ya jiƙan sa, mutumin da in ransa ya ɓaci sai ya ɗau fartanya ya tafi gona, in ya huce ya dawo mu yi magana kamar mutane. Na gaya mata mai son ki ba ya sa gabanki ya faɗi in kin ji motsinsa. Ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce ƙawayenta duk sun san namijin da ba ya kishi ba ya so, wanda bai taɓa ɗaga hannu ba kuma bai damu da ke ba ne.

"Inna, ke fa ko sau ɗaya ba a taɓa yin bikonki ba," ta ce.

Tausayina take ji. Ni da na zauna lafiya da mijina har mutuwa ta raba, ni ce abin tausayi. Na ƙi ɗinka zanen, ta kai wa wata telar a bayan masallaci.

Ban zauna ba. Na je wurin ƙanwata, ta ce mini Yaya, kowace mace da haƙuri ta zauna, kada ki ɓata wa yarinya sa'a. Na je wurin Malam na unguwarmu, ya ce addini bai yarda da wannan zalunci ba, ya kuma faɗa a wa'azi. Maza suka gyaɗa kai suka watse. Aka ɗaura aure bayan girbi, ta bar lakwal.

Ba a rufa shekara ba, wata rana da hantsi ta shigo gidana da jini a kunnen hagu. Likita ya ce dodon kunnen ya fashe, da wuya ta sake ji da shi. Na yi kuka, amma can ƙasan raina na ji daɗi da ta zo wurina maimakon gidan uwarta, na ɗauka ta gane. Na ce ta zauna in koya mata ɗinki, in ta warke mu je gaban alƙali. Ta ce to.

Kwanaki suka shuɗe ba wanda ya zo. Ta daina cin abinci, ta rame. In moto ya wuce a lungu sai ta saki almakashi ta juya lafiyayyen kunnen wajen ƙofa, har ƙarar ta ɓace. Na ɗauka tsoro ne, na dafa ta na ce kada ta damu, ba mai shigowa gidan nan ya taɓa ta. Ta ɗago da hawaye ta dube ni.

"Inna, har yau bai aiko ba. Ko ya daina so na ne?"