Kujerar da aka ajiye mini a saman mashaya

Shekara biyu na zauna a ɗakin sama na wani gida a unguwar Stratford ta London, ina karatun digiri na biyu, a tsakiyar shekarun casa'in. Mai gidan Bature ne dattijo, ɗan wasan kwaikwayo. Fuskarsa kusan kowa ya taɓa gani, sunansa kuwa ba wanda ya riƙe. A shekarun tamanin ya sha fitowa a talabijin: ɗan sandan da ke tsaye a bakin ƙofa, likitan da ke shigowa ya faɗi mummunan labari ya fice. Sau ɗaya a wani fim na silima ya fito direba, aka kashe shi tun 'yan kallo ba su gama zama ba. Lokacin da na san shi kasuwarsa ta ja baya. Yana karanta tallar sabulu a rediyo jefi-jefi, sauran kwanaki yana goge takalmansa yana jiran waya.

Ina da i'ina tun ƙuruciya, ga shi dole in kare aikina da baki a gaban malamai. Shi ya lura, ban roƙe shi ba. Kullum da safe yakan tsayar da ni a kicin, ya sa in ja numfashi daga ciki, in karanta jarida da fensir a tsakanin haƙora. Yana ce mini Malam, kalmar da ya tsinta a bakin baƙina, ni kuma ina ce masa Baba. Idan na sarƙe sai ya ce ko direban da aka kashe ya fi ni ƙarasa magana. Wata biyar muka yi a haka. Ranar kare aikin harshena bai ɗaure ba ko sau ɗaya.

Bayan nan aka ba shi babban matsayi a wani wasan dandali, karo na farko a rayuwarsa. Mutum biyu ne kawai a wasan, shi ne uban. Ya shaida mini cewa a ƙaramin wuri al'adarsa ita ce ya zaɓi fuska guda a cikin jama'a ya ba ta labarin duka, kuma matarsa ce ke zama masa wannan fuskar kafin ta rasu. Ya miƙo mini tikiti na ranar Lahadi da rana, sahun gaba.

"Za ka zo, Malam?"

Na ce in sha Allahu, kuma har zuciyata nake nufi.

Abin da ban sani ba shi ne cewa ƙananan gidajen wasa na London da yawa a saman mashaya suke. Da na sauka daga bas a Peckham na ga babu wata ƙofa: sai ka ratsa ta cikin masu shan giya kafin ka kai matakala. A ɗaya hannun titin kuwa akwai shagon nama da kayan miya na wani Bahaushen Gana, yana tsaye a waje yana goge hannu. Wurinsa wani likita ɗan Kano yake sayen nama, kuma 'yar wannan likitan nake nema da aure. Mahaucin ya hango ni, ya ɗaga hannu, ya tambaye ni ina zuwa. Na ce albasa na zo saye. Na tsallaka, muka gaisa, na sayi albasar da ba na bukata, na hau bas na koma.

Na sha gaya wa kaina cewa addini ne ya hana ni. Da haka ne, da na faɗa wa Baba a fili, kuma na tabbata zai fahimta. Da mahaucin yana cikin shago, da na shiga. Idon mutane na ji wa tsoro.

Washegari a kicin na ce masa wasa ya yi kyau ƙwarai. Mu a gida ba a kallon dattijo a ce masa an ƙi amsa gayyatarsa, sai na ɗauka ƙaryar ladabi ce. Ya tambaye ni wane wuri ya fi burge ni. Na ce ƙarshen.

"Ƙarshen kowa ke so," in ji shi, ya zuba mini shayi.

Bayan an gama wasan da makonni na koma wurin wata safiya, ana shara, na hau. Ɗakin bai fi zauren gidanmu ba. Daga inda ɗan wasa ke tsayawa zuwa sahun gaba taku biyu ne. Ba yadda za a yi kujera ta zauna babu kowa bai gani ba. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Da aka ɗaura aurena aka yi walima a wani ɗakin taro a Thamesmead. Bas biyu Baba ya hau ya zo. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba, ya zauna a ƙasa cikin maza duk da ciwon gwiwarsa, ba ya jin ko kalma ɗaya ta abin da ake faɗa, har aka shafa fatiha. Surukina ya jawo ni gefe, ya ce kamar ya san fuskar Baturen nan, wane ne shi? Baba yana kusa da mu, yana ƙoƙarin miƙewa da faranti a hannu. Na ce mai gidan da nake haya ne, ban ƙara komai ba.