Kwale-kwale Ɗaya Tak a Bakin Kogi

A gidanmu na Unguwar Sarki, tsakar gida ce wurin hira. Da an idar da sallar magariba, kakata Iya Dije takan jawo 'yar kujerarta kusa da murhu, ta tura masara cikin garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo. Mu jikoki mu kewaye ta, ido na kan masara, kunne na wajen bakinta. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta bi kakanmu fataucin goro har Kurmi, don haka tatsuniyoyinta ba sa zama a gari ɗaya.

Akwai guda da na tsana tun ina yaro. Ta ba mu ita ne a daminar da autanta, Baffa Bala, ya dawo daga jami'a da jakarsa saboda malamai sun shiga yajin aiki. Wata da watanni yana gida, ba ya ko son a gaishe shi. Ran nan yana zaune a dokin ƙofa, rediyo manne da kunnensa, sai Iya ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matso." Muka ce, "Ta iso mu ji."

Wai an yi wata ƙasa mai faɗi, wadda in shamuwa ta tashi daga wannan baki, sai ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe kafin ta kai wancan. Arewacinta rairayi, kudancinta ruwan gishiri, tsakiyarta duwatsu. Harsunanta sun yi yawan da a wasu kasuwanni da yatsa ake ciniki. Arziki kuwa har a ƙarƙashin ƙasa. Sai sarkin ƙasar ya sa aka yi shela cewa a hayin babban kogi akwai gidan masana, duk yaron da ya haye zai dawo likita ko alƙali ko magini. Iyaye suka sayar da awaki, suka ɗaura wa 'ya'yansu guzuri.

Hanyar ba wasa ba ce. Shekara shida ana taka ƙaya, wata shekara shidan ana hawan dutse. Marasa takalmi suka zube tun da wuri. 'Yan mata da yawa aka kira su gida. Waɗanda suka kai bakin kogi, cikinsu har da wani yaro Tanko, suka tarar da kwale-kwale ɗaya tak, ga jama'a kamar ranar kasuwa. Mai fito ya ce sai wanda ya amsa tambayoyinsa. Tanko ya amsa duka. Mai fito ya ce, "Madalla, amma ya cika, sai baɗi." Yana tsaye ya ga an shigar da 'ya'yan fadawa ta bayan kwale-kwalen, ba wanda ya tambaye su ko sunansu.

Baɗi ta zo, wata baɗin ta zo, a ƙarshe Tanko ya samu shiga. Suna tsakiyar ruwa sai matuƙa suka ajiye filafili, suka ce sarki ya manta da abincinsu, ba za su ƙara tuƙi ba.

Nan Iya ta tsaya, ta ci gaba da juya masara.

Na ce, "Sai me ya faru, Iya?"

"Suna nan."

"Suna ina?"

"Tsakiyar ruwa mana. Sarki ya ce laifin matuƙa ne, matuƙa suka ce laifin sarki ne. Gemu ma ya fito wa Tanko."

Raina ya ɓaci har na ture masarar da ta miƙo mini. Na ce ai ba haka ake ƙare tatsuniya ba, dole mugu ya sha kunya, yaron kirki ya samu rabonsa. Ta dube ni ta ce, "To kai ƙarasa ta, tunda ka fi ni sani." Baffa Bala ya kashe rediyonsa, ya zura takalmi, ya fice. Sai a lokacin na ga Iya tana goge ido da bakin mayafi, wai hayaƙi ne.

Baffa ya koma makaranta, aka sake rufewa, ya sake dawowa. Daga nan bai ƙara komawa ba. Yau yana sayar da kayan gyaran babur a Hayin Banki, mutumin da ya so ya zama injiniyan ruwa.

Na daɗe ina zaton Iya ba ta iya ƙarshen labarin ba ne. Sai da 'yata Zainab ta gama sakandare na gane. Yarinyar nan ta kwana kan littafi, ta ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau, ba sau ɗaya ba, tana son karatun haɗa magunguna. Kullum amsa ɗaya ce, babu gurbi. A ofishinmu kuwa ina ji ana hirar wane ya tura ɗansa waje, wance ta samu wanda ya yi mata hanya. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, ban san kowa ba sai Allah. Abin da ke ci mini rai, ƙasa mai wannan girma da wannan arziki, a ce ta kasa samar wa yaron da ya yi duk abin da aka ce ya yi kujera ɗaya a aji. Iya ba ta ba mu labarin don mu koyi haƙuri ba. Ina jin so ta yi wani cikinmu ya ji haushin da zai hana shi zama. Mun ji haushin, mun girma, mun zauna.

Makon jiya Zainab ta same ni ina shirin fita aiki. Ta durƙusa ta ce, "Baba, bana ba zan sake zana jarrabawar ba. Gwaggo Hajara ta ce in zo shagonta in koyi ɗinki."

Na buɗe baki zan ce ta ƙara gwadawa sau ɗaya, na rasa da wace fuska zan faɗa. Na ce ta ɗauko hijabinta. Ni da kaina na goya ta a babur har ƙofar shagon, na tsaya ina kallo ta shiga, sannan na wuce ofis a makare.