Yadda Na Mayar wa Mai Fim Fim Ɗinsa

Abin da yaron nan ya fara ɗauka a duniya ba da izini ba, ɗan kunnena ne. Ko rarrafe bai fara ba. Ina ba shi nono, idona na kan waya, sai na ji an fizge mini kunne. Da na duba, ga ɗan kunnen a dunƙule a hannunsa, shi kuwa yana ta shan nononsa kamar ba shi ba. Da a wani makon abin ya faru, dariya zan yi. Sai dai a makon ne na ji abin da na ji a rediyo.

A Kibiya nake aure, gida ɗaya da surukata da muke kira Inna. Maigidana ɗan acaɓa ne, yana jigila tsakanin Kibiya da Rano. Ba mu da talabijin, balle kwanon nan da ake kafawa a kan rufi. Da na dawo daga wankan jego a gidanmu na Rurum, ya ga zaman ɗaki yana damuna, sai ya bar mini tsohuwar wayarsa mai memori. Akwai wani mai shagon caji a Rano, kusa da tasha, yana da kwamfuta. Duk shirin da aka haska a talabijin, kafin a kwana biyu ya sauko da shi daga intanet yana tura wa mutane. Can maigidana yake kai memorin, ya dawo mini da sabon kashi na wani fim mai dogon zango.

Labarin wasu marayu ne da baffansu ya cinye musu gona. Baffan nan yana da jar hula da wata dariya ta hanci, in ya yi ta har cikina nake jin ta. Da farko Inna cewa ta yi kallon waya aikin marasa aikin yi ne. Ba a jima ba ta fara jawo kujerarta kusa da ni da hantsi, tana ɓarar gyaɗa tana tsine wa baffan. Ni kuma na saba, da zarar na ɗora yaron a cinya sai in kunna. Kusan duk nonon da ya sha tun bayan arba'in, da fim ɗin nan ya haɗiye shi.

Ranar da nake magana, ina wanke-wanke rediyo na yi, sai na ji muryar baffan. Ashe shi ne ma mai fim ɗin gaba ɗaya. Babu dariyar hanci, magana yake kamar zai yi kuka. Ya ce filinsa ya sayar ya yi shirin, masu saukewa daga intanet suna rabawa sun karya shi. Ya ce doka ta hana, har an rufe wasu shaguna a birni. Ya ce masu kallo ma kada su ce ba ruwansu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ya rufe da cewa duk wanda ya ci guminsa ta wannan hanya bai yafe ba.

Inna ta ce, "Ji mugu. Shi da ya cinye gonar marayu, shi ne yau yake maganar haƙƙi?"

Ni kuwa kwanon da ke hannuna ne ya suɓuce. Tun muna yara muke jin ana cewa ɓarawo a nono ya tsotsa, kuma abin da uwa ta ci shi ɗa yake sha. To abin da ta kalla fa? Washegari aka yi na ɗan kunne.

Wahalar ita ce ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi sai in kau da kai wani ya ɗauke shi. Ina ni ina buɗe baki in ce wa Inna tsoron makomarsa nake ji? Sai dai in yi ta zagaye. Na tambayi maigidana ko fim ɗin nan na sata ne. Ya ce abin da ke yawo a iska ba shi da mai shi. Ya ce in an saci akuya turke ake bari fayau, shi kuwa mai fim nasa yana nan a hannunsa ko gefe ba a gutsura ba. Inna ta ce ai roro ne. Mai gona ya cire gyaɗarsa, ya kai talabijin an nuna, abin da ya rage a ƙasa na mata da yara ne, tun kaka da kakanni haka ake yi.

Maganar ta kwantar mini da hankali na yini guda. Da yamma yaron ya zare goro daga bakin zanen Inna, a gabanta, ba ta ma ji ba. Da ta gani sai ta yi ta dariya tana cewa hannunsa da sauri kamar na marigayi kakansa. Ni dariyar ba ta zo mini ba.

Ina zuwa islamiyyar matan aure bayan la'asar, a zauren wani dattijon malami. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ban taɓa yin tambaya a aji ba sai ranar. Na ce, Allah gafarta Malam, wata mata ce, maƙwabciyar wata 'yar uwata, take kallon fim ɗin da ake tura mata a memori. Ina ambaton memori zauren ya yi tsit, don duk wadda ke wurin akwai waya a ƙarƙashin hijabinta. Malam ya ce shi bai san kan na'urar ba, amma ya san gumi. Mutum ya yi aiki, ya ce kada a ɗauka sai ta hanyar da ya yarda, aka ɗauka, to an shiga haƙƙinsa. Na kawo maganar roro, na ce wata tsohuwa ce ta faɗa. Ya ce a gaya wa tsohuwar, roro sai mai gona ya gama ya tafi. Wannan mai gonar yana tsaye a kan kunya yana ihu. Ya ce haƙƙin bawa kuwa Allah ba ya yafewa sai mai shi ya yafe, don haka a mayar masa da abinsa ko a nemi yafiyarsa.

Na ce, to in matar tana shayarwa fa? Malam ya yi tari, ya gyara rawani. Ya ce a iya karatunsa bai ga inda aka ce hanyar ido tana haɗuwa da ta nono ba, amma Allah ne mafi sani. Sauran matan sun ji farkon maganar sun yi ajiyar zuciya. Ni ƙarshenta na ɗauka na tafi da shi gida.

Ranar rigakafi na kai yaron asibiti a Rano, a dawowa na tsaya a shagon. Mai shagon saurayi ne mai ƙaramin gemu, yana zaune tsakanin wayoyi kamar kaza a kan ƙwai. Na miƙa masa memorin na ce na zo mayar da fim. Ya ɗauka ƙin buɗewa ya yi. Na ce yana buɗewa sarai, so nake ya mayar da shi inda ya ɗebo shi.

Ya leƙa waje, ya tambaye ni ko hukuma ce ta turo ni. Da ya ga goyo da katin asibiti sai ya saki jiki.

"Hajiya, ruwan da ya gangaro daga dutse kin taɓa ganin ya koma? Sai dai in goge miki."

"In ka goge, yana komawa wurin mai shi?"

"A'a, ɓacewa yake yi."

Na karɓe memorina. Wanda ya saci akuya aka ce ya mayar, sai ya je ya binne ta, ai ya ƙara wa kansa laifi ne. Ina fita yana ce mini sabon kashi ya sauko jiya, an kusa kai baffan kotu.

Daga ranar na daina kallo, amma na adana fim ɗin kamar ajiyar wani. Inna ce ta shiga uku, don ba ta iya kunna wayar ba. Ta ce sabon tsoron Allah ya fi sabon takalmi cizo. A ƙarshe muka daidaita: in kunna mata tsofaffin, in ɗauki yaron in shige ɗaki in ba shi nono ina kallon bango. Sai dai bangon ƙasa ba ya tare dariyar hanci, na koma tunanin ko kunne ma yana da hanya. Shi kuwa yaron ya fara rarrafe, ya samu ƙafar zuwa aiki. Ludayi, murfin buta, carbin Inna, makullin babur ɗin ubansa, duk a bayan randa ake samunsu. Ɓoyewar ce ta fi tsorata ni. Wa ya koya masa ɓoyewa?

Bayan kaka ƙanwata ta haihu, na tafi suna Rurum. Ina isa na tarar garin ya watse, kowa ya tafi bayan gari wajen duwatsu, wai 'yan fim sun zo. Na bi mata muka je. Ga motoci, ga wani abu kamar faifan azurfa ana haska rana da shi, ga mutane suna ta gardama. A gindin wata ɗorawa kuma ga baffan a zaune kan tabarma, da 'yar shara, yana shan fura. Ashe ɗan ƙaramin mutum ne. Jar hular tana kan gwiwarsa.

Rabin zuciyata na cewa ga mai haƙƙi Allah ya kawo har gida, rabi na cewa ga wanda ya kori marayu cikin ruwan sama. Na matsa na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya amsa da sannu baiwar Allah, ya tambayi lafiyar ɗan goyon. Sai na zaro wayar na ajiye a bakin tabarmar na ce kayansa ne na kawo masa, tun daga kashin farko, ban rage ko ɗaya ba.

Sai da na yi bayani tun daga rediyo har shagon Rano kafin ya gane. Ya yi dariya, ta mutane, ba ta hanci ba. Sannan ya ce maganar filin gaskiya ce, kuma in aka ci gaba a haka shirin ba zai kai ƙarshe ba. Yana cikin faɗa sai ya tsaya.

"Kika ce har kashin farko yana ciki?"

Ashe gardamar da ake yi ke nan. A gindin duwatsun suka ɗauki farkon labarin, yanzu sun dawo su ɗauki wani wuri da za a tuna baya, kuma an rasa wanda ya tuna rigar da baffan ya sa da inda ya tsaya. Na'urar da suka adana tsofaffin tana birni, waya kuma ba ta kamawa a wurin balle intanet. Ya kira wani mai kwamfuta, aka zare memorina aka soka. Ina durƙushe ina kallon wani koren layi yana tafiya a hankali har ya cika.

Na ce, "Ya koma?"

Ya ce, "Ya dawo gida."

Na ce to yanzu a goge nawa. Aka goge. Ya ce abin da ya wuce ya yafe mini duniya da lahira, amma ban da mai shagon, kuma ban da na gaba. Na gaba in nemi gidan da ke da talabijin. Na yi godiya, na ƙi tashi. Na ce, cikin ƙasa da murya don akwai matan garinmu a kusa, a haɗa har da wannan na bayan. Ya ce shi kuma me ya yi? Na ce a nono ya sha.

Wannan karon sai da ya ajiye ƙwaryar furar. Da ya gama dariya ya ce in sauko da shi. Ya ɗora shi a cinya, ya dafa kansa ya ce ya yafe masa duk abin da ya tsotsa, kashi-kashi. Bai rufe baki ba yaron ya damƙe jar hular. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaron ya juya ta, ya ɗanɗana bakinta, ya kalli mutumin. Sai ya miƙa masa. Tun da aka haife shi ban taɓa ganin ya miƙa wa wani abu ba. Da mutumin ya kama sai da suka ɗan yi ja-in-ja, amma dai ya saki.

Da na ba ƙanwar mahaifiyata labari, ta ce duk yara suna fara miƙa abu in sun kai haka. Na bar ta da saninta.

Da na koma Kibiya na ba Inna labari, abu ɗaya ta tambaya, ko na yi masa maganar gonar marayun. Da na ce a'a, ta ce to zuwan me na yi. Ta yi fushi da goge fim ɗin har sai da muka samu gidan wani ma'aikacin ƙaramar hukuma mai talabijin, muka riƙa zuwa ranar da ake haskawa. Ranar kashin ƙarshe, alƙali ya buɗe baki zai yanke hukunci aka ɗauke wuta. Maigidana ya ce gobe zai biya ta Rano. Na ce ba da memorina ba. Washegari Inna ta sa ya sayo mata sabon memori, ta ɗaure abinta a bakin zane, ta ce ita ta daɗe da yaye nata ɗan.

Yaron yanzu ya isa aike. Yana tsamar nama a tukunya, ba zan ɓoye ba. Amma in aka tambaya wa ya taɓa, yakan ce shi ne.