Ƙasar Bayan Ɗakina

Tun ina yarinya ba a wucewa da abu ta gabana ban tambayi inda za a kai shi ba. Mahaifiyata ta sha make mini baki a kan haka, bai hana ba. Har na yi jikoki halin yana nan, kuma shi ne ya kai ni bakin jujin bayan gari ranar da aka zo kafa masa turaku.

Jujin nan takinmu ne tun iyaye da kakanni. Da rani maza su ɗiba a amalanke zuwa gona, mu mata mu sa a kawo mana don shukar bayan ɗaki. Sai wani Alhaji daga Birnin Kudu ya kafa rumfa a gefensa, ma'aikatansa suna fasa tsofaffin baturan mota, su narka dalmar ciki, su watsa ruwan da tokar a kan jujin. Ƙasar ta ƙara baƙi, mu kuwa muka ce ta ƙara kyau. Ni kaina na sa an juye mini amalanke guda a bayan ɗakina, na shuka rama da kuɓewa.

Da shanun da ke lasar wurin suka soma faɗuwa, yara suka soma ciwon da ba a gane kansa ba, magana ta kai kotu. Aka daɗe ana kai-komo, daga baya aka yi sulhu. Mai unguwa ya yi wa maza bayani a ƙofar gidanmu, ni ina zaure na kasa kunne. Alhaji zai tashi rumfarsa, ya ƙwaƙule duk ƙasar da ke cikin turaku, ya kai ta a binne, ya kawo mai tsabta. Abin ya ba ni mamaki. Na san ana kama ɓarawo a tafi da shi, amma ban taɓa jin an kama ƙasa ba.

Na yafa mayafi na tafi kallo. Wata ma'aikaciyar muhalli ce ke tsaye a kan aikin, yarinya sa'ar autata, ta rufe hanci da takunkumi.

Na ce, "'Yar nan, ranar garin nan da ke soya mutum ba ta isa ta kashe gubar ba?"

Ta ce, "Inna, dalma ba ta mutuwa, ba ta ruɓewa. Inda aka ajiye ta nan take zama."

"Ruwan damina fa?"

"Sai dai ya ƙara mata wuri."

"To wadda muka riga muka kwasa zuwa gidajenmu, ita kuma wa zai kamo ta?"

Ta sauke takunkumin ta dube ni. Nan take gabana ya faɗi, don jikata ta fara rarrafe, kuma ba inda take so irin inuwar bayan ɗakina. Duk abin da hannunta ya taɓa sai ya je baki.

Ma'aikaciyar ta biyo ni gida da wani ɗan inji kamar tocila, ta ɗora shi a kan ƙasar, ya yi ƙara. Ta ce a ɗauke yarinyar daga wurin yanzu-yanzu. Amma kwashewar, in ji ta, ba ta da iko a kai, saboda sulhun a jikin turaku ya tsaya. Raina ya ɓaci. Na ce wa ɗana, uban yarinyar, sai mun koma kotu. Ya fara ƙunƙuni wai an riga an gama magana, kada mu zama masu tone-tone. Na ce masa in shi kunya yake ji, ni na wuce shekarunta, ya ɗauko babur.

Ranar da aka sa mana zama, ita ce ranar da na fara shiga kotu. Ina ta kallon yadda kowa ke miƙewa yana zama kamar a sahun salla. Lauyan Alhaji ya ce ba su suka kai ƙasar gidana ba. Na ce, "Gaskiyarka, ɗana, ni na sa aka kai. Haka uwata ta yi, haka uwarta ta yi. Ku kuka zuba wa takinmu abin da ba mu sani ba. Ƙasar nan kuma ba ta san turke ba." Alƙali ya ce ɓangarorin biyu su je su sake zama. Da suka dawo, an ƙara gidaje da gonakin da takin ya shiga a cikin sulhun.

Sai ranar da masu shebur suka shigo gidana na tuna abin da ke wurin. A bayan ɗakin nan ungozoma ta binne mabiyiyar kowane ɗa da na haifa, a jere a gindin katanga. Har da ta ɗana na fari, wanda bai kai ranar suna ba. Maza ne suka ɗauke shi zuwa maƙabarta ina kwance, ban san kabarinsa ba. Wannan lungun kaɗai na sani.

Na ja ma'aikaciyar gefe na faɗa mata. Ta ce, "Inna, in kin ce a bar lungun, za a bari. Sai dai gubar tana nan, kuma yarinya ba ta san inda aka hana ta ba."

Jikata tana goye a bayana, tana tsotsar gefen mayafina. Na ji ɗumin numfashinta a wuyana. Na ce su haƙa. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Amma da tifar da aka loda ƙasar ta tashi, sai na fito na ce wa ɗana mu bi ta, ina son ganin inda za a kai mini ƙasata. Can gefen hanyar Gwaram aka yi wani ƙaton rami, an shimfiɗa masa baƙar leda mai kauri har baki. Aka juye, aka danne da laka, aka zagaye da waya. Mai gadin ya ce ba noma, ba gini, ba rijiya a wurin har abada. Na tambaye shi ko ledar za ta kai abadan, ya ce shi dai gadi aka ba shi.

Ƙasar da aka kawo mini fara ce, ba ta da ƙarfi, ramar ma da ƙyar take tsayawa. Jikata tana dumbuzar ta ta kai baki, ni kuma faɗa kawai nake yi, gabana ba ya faɗuwa. Idan za mu Gwaram cin kasuwa, ɗana ya san zai rage gudu in mun zo daidai wayar nan. Bai taɓa tambayata dalili ba. Nakan yi wa ɗana na fari addu'a, mu wuce.