Digirina na Ƙasar Waje Bai San Kububuwa Ba

Shekaruna ashirin da shida a lokacin, ɗan Gwandu ne ni, kuma ban daɗe da dawowa ba daga wata ƙasa ta ƙetaren teku inda na yi shekara huɗu ina karatun aikin jinya. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don ba laifinta ba ne. Abin da zan faɗa shi ne na dawo ina hura hanci. Tsofaffin unguwarmu likita suke kirana, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba, daɗi ma nake ji. Na yi 'yan watannin sabawa da aiki a wani babban asibiti na birni, na ci jarrabawar lasisi, sai aka tura ni wani ƙaramin asibiti a yankin Kalgo, mai gado shida da famfon tuƙa-tuƙa a bakin ƙofa. Na kama ɗaki a can, sai Juma'a in hau bas in leƙo gida.

Shugabar wurin wata dattijuwa ce da kowa ke kira Sista. A makarantar jinya ta nan gida ta yi shekara uku, tun ina rarrafe. Ni kuwa ba ni da hira sai ta can: gunkin roba mai numfashi da muke koyon aiki a kansa, na'urar da ke kuka in bugun zuciya ya sauya, jinin da za ka aika ɗakin gwaji sakamako ya fito maka a kwamfuta. Takan saurara tana naɗe bandeji. Wata rana ta ce ba ta musun an koyar da mu da kyau, amma kowace ƙasa cutar da ke ƙofar gidanta take koya wa ɗalibanta. Ta ce ta yi aiki da wanda ya karanto a Nijar da wadda ta karanto a Masar, kowanne akwai abin da ya fi ta sani, akwai kuma abin da bai taɓa gani ba. Ta roƙe ni in kawo takardar darussan da na yi mu jera ta da tata, ta ga inda zan koya mata da inda za ta cike mini. Dariya na yi a raina, na ce mata takardar tana Gwandu, alhali tana cikin jakata.

Gaskiyar ita ce mu a can tsufa da ciwon suga da ciwon zuciya muka fi karantawa, kuma ma'aikacin jinya ba ya motsi sai likita ya rubuta. Su kuwa na nan tun suna ɗalibai ake kai su ƙauye, su ga ƙyanda da amai da gudawa da haihuwa da hannunsu, su saba da wurin da babu likita ko na magani. Na san wannan bambancin, amma na ɗauke shi shaidar na fi su.

Ranar wata Litinin da kaka, Sista ta tafi Birnin Kebbi bita ta kwana biyu, ta bar mini asibitin. Da hantsi wani mutum ya kawo ƙaninsa a babur daga wani ƙauye kusa da Wurogauri. Manomi ne mai kimanin shekara arba'in, maciji ya sare shi a saman idon sahu yana ɗaga damin gero. Da ƙafarsa ya shigo, yana ma tsokanar yayan nasa cewa tuƙinsa ya fi macijin haɗari. Suka kwatanta mini shi: gajere, kalar ƙasa, mai zane, yana goga jikinsa yana ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Na gyaɗa kai kamar na gane. A shekara huɗun nan tawa saran maciji rabin shafi ne, kuma abin da ya zauna mini shi ne dafi nan take yake kisa, wanda ya yi awa uku yana dariya ya tsira. Na kwance tsumman da suka ɗaure ƙafar da shi, na wanke wurin, na gwada bugun jininsa na ga lafiya lau, na yi masa allurar kashe ciwo. Audugar da na danna a wurin allurar ta jiƙe, na sake wata, ita ma ta jiƙe, sai a ta uku jinin ya lafa. Na gani da idona, na wuce.

Ga abin da ya fi ci mini rai har yau. Yayan ya ce mini, cikin ladabi, yana kirana malam likita, bara da aka sari maƙwabcinsu Sista ta ɗibi jininsa ta zuba a kwalba ta ajiye, kuma ba ta bar shi ya tafi gida ba. Ya tambaya ko ƙanin nasa ma ba za a yi masa haka ba. Sai na ji kamar ya zage ni. Na ce masa wannan aikin dā ne, ni ga abin gwajina ya nuna babu komai, su je ya huta. Lambar Sista tana cikin wayata, wayar tana aljihuna. Ban kira ta ba, don kada a ce ɗan ƙasar waje yana tambayar 'yar makarantar gida.

Ran Laraba da safe ta dawo ta zauna duba littafin marasa lafiya. Ina kallo yatsanta ya tsaya a layin. Ta tambaye ni minti nawa jininsa ya yi kafin ya daskare. Na ce ban gwada ba. Ta sa na maimaita mata kwatancen macijin, sai ta ce kububuwa ce, dafinta ba ya kayar da mutum ranar farko, jini yake tsinkawa a hankali har ya riƙa tsiyaya ta ciki. Ta ce gwajin kwalba ce kawai mai tsabta da minti ashirin. Da na faɗa mata allurar da na yi masa, ta dafe kai ta ce ita ma ƙara tsinka jini take yi. Ba ta yi mini faɗa ba, gyalenta kawai ta ɗauka ta ce in tayar da babur mu bi shi ƙauyensu.

Ban taɓa jin tsoro irin na hanyar nan ba. Duk inda na hango maza zaune a tabarma a ƙofar gida sai in ce shi ke nan zaman makoki ne, na kashe mutum. Wallahi har ƙaryar da zan yi na fara shiryawa, sannan in ji kunyar kaina in koma salati.

Da rai muka same shi, kwance a ɗaki. Dasashinsa na zubar da jini, ƙoƙon da yake tofi a ciki ya yi ja, tsofaffin tabon ƙaho da ke bayansa sun buɗe, wurin allurata ya kumbura ya yi baƙi. Tun asuba kansa ke sarawa, hannun dama ya yi masa nauyi. Matarsa ta ce ba su mayar da shi asibiti ba ne don likitan da ya yi karatu a waje ya ce babu komai, sai suka ɗauka wani abin ne daban suka nemo rubutu. Sista ta ɗibi jininsa ta zuba a kwalba, ta miƙa mini tare da agogonta, yayan kuma ya fita neman mota. Na tsaya a tsakar gidan riƙe da kwalbar, 'ya'yansa biyar na kallona. Minti ashirin suka cika na karkata ta, jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo.

A babban asibiti a Birnin Kebbi aka yi masa allurar maganin dafin maciji, aka ƙara masa jini, zubar ta tsaya. Amma jini ya riga ya tsiyaya a cikin kansa. Ya fito da ɓarin jikinsa na dama a shanye, maganarsa ba ta fita sosai. A kwana na huɗu na tare yayan a bakin ɗaki na faɗa masa gaskiya duka. Sai ya ce abin da Allah Ya rubuta ba ya wuce ranarsa, amma in tuna ya gaya mini zancen kwalbar. Tun daga ranar bai ƙara ce mini likita ba.

Abin da na koya shi ne karatun kowace ƙasa an ɗinka shi ne daidai jikin mutanenta, kuma tsallaka teku ba ya sa ya zama cikakke. Ku da kuka karanto a waje, da ku iyayen da ke alfahari da su, ina roƙonku: kafin mutum ya taɓa mara lafiya shi kaɗai, ya zauna gaban waɗanda suka tsufa a wurin ya tambayi abin da ba a koya masa ba. In ɗan ƙauye ya ce muku ga yadda aka saba yi, ku saurare shi, ku ɗaga waya ku tambaya. Kunyar tambaya ta minti biyu ce. Mutumin nan yana nan da rai, amma bai ƙara riƙe fartanya ba. Duk wata ana kawo mana shi gwajin hawan jini, kuma in ya gan ni sai ya ɗaga hannun hagu yana ƙoƙarin sa mini albarka, don ya ƙi yarda cewa ni ne na yi masa haka.