Yadda Mijinyawa Tela Ya Zama Bawana

Ke Zuliha, kin taɓa ganin tsoho da furfurarsa yana dukan ƙirji yana cewa shi wada ne, a ƙarƙashin dutse aka haife shi? To ni na gani, a barandar nan da kike zaune kina tsince min shinkafa. Ɗan mutum-mutumin da kike tambaya, na kan kwabet mai 'yar babbar riga, nasa ne. Matso da farantin in ba ki labarin Mijinyawa tela, don mijinki Muhsin ba zai ba ki shi daidai ba, shi ma da hannunsa a ciki.

Mijinyawa Bazazzagi ne. Ni kuwa kin sani, Bakanuwa ce gaba da baya, ko da yake zamana a nan Obiagu, cikin Inugu, ya fi zamana a garinmu. Ku da aka haifa a kudu ba ku san nauyin wannan ba. Tsakanin Kanawa da Zagezagi akwai wasa tun kaka da kakanni. Bakano ya ga Bazazzagi, ko mai rawani ne, sai ya ce masa bawana, shi ma ya rama. Ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Ranar da na fara ganinsa ina sabuwar zuwa Inugu. Yana yawo da keken ɗinki a kafaɗa yana kaɗa almakashi, irin waɗanda mutanen nan ke kira obiyoma. Na kira shi ya kama min bakin zane. Da ya ji Hausata sai ya ce, daga ina? Na ce Kano. Ya sauke keken a hankali, ya ce, “Alhamdu lillahi. Na baro bayina a gida ina ta kewa, ashe Allah ya ajiye min wata a nan.” Marigayi Alhaji, kakan mijinki, yana daga ɗaki ya yi dariya har ya ƙware. Shi ya ba shi wancan kusurwar ya kafa kekensa, ya huta da yawo.

Tun daga ranar bai taɓa gaishe ni irin ta mutane ba. Da safe sai dai, “Baiwata, an tashi? Ina kokona?” In ce, “Bawa ba ya karyawa sai ya share ƙofar gida.” Haka muka tsufa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka koma Zariya ɗaya bayan ɗaya, suka yi ta aiko masa ya dawo, ya ce in ya tafi wa zai kula da dukiyarsa, wai ni. Gaskiyar magana ba shi da kowa a garin nan sai barandar nan. Ɗinkin ma ya ja baya, kowa ya koma gwanjo. Sai ya wuni yana goge keke.

Wasan da ya mai da shi wada kuwa, Hanifa ce ta kawo shi, yayar mijinki, daga makarantarsu. Ranar Lahadi bayan la'asar sai su baje tabarma, ita da Muhsin da abokinsa Saifullahi, da wata babbar takarda mai zanen duwatsu da koguna, da 'yan ludo masu fuska barkatai, da 'yan mutum-mutumi kowa da nasa. Ganina na farko na ɗauka caca ce, na fito da muciya. Hanifa ta riƙe min hannu ta ce, “Kaka, tatsuniya ce fa, sai dai kowa yana cikinta. Ni nake jan labarin. In mutum ya ce zai yi abu, sai ya jefa ɗan ludo a ga ko ya dace.” Na tsaya na ga ba a cin kowa komai, na mai da muciyata kicin.

To kafin a fara sai kowa ya zaɓi ƙabilarsa. Ba Hausa ko Ibo ko Yarbawa ba. Akwai masu dogon kunne, akwai samudawa, akwai wadanni, har da wasu masu kan ƙadangare, Allah ya raba mu. A kan zaɓen nan kaɗai sai su cinye yamma suna musu.

Muhsin ya ce, “Abeg, dogon kunne ba sa tsufa, kibiyarsu ba ta kuskure.”

Saifullahi ya ce, “Ramammun banza. Basamude ya yi atishawa sai a tsinto su a Anacha.”

“Basamuden naka da ko ƙofa ba ya iya shiga? Kullum mu shiga gari mu bar ka a waje kamar babur ɗin okada.”

Mijinyawa yana kan kekensa, ashe kunnensa na nan. Sai ya ce, “Su wadannin fa, marayu ne? Ban ji mai son su ba.” Hanifa ta ce, “Baba, gajeru ne, gemu har cibiya. Haƙa suke yi a ƙarƙashin dutse, ga aikin hannu, ga taurin kai.” Ya cire tabarau ya ce, “Haƙa a ƙarƙashin dutse? Ai 'yan haƙar kwal ne, su ne mutanen Inugu na asali. Sa ni a ciki.”

Suka ɗauka wasa yake. Lahadi na zagayowa sai ga shi ya ɗinka wa ɗan mutum-mutumin babbar riga da hula, har da aiki a wuya, ya raɗa masa suna Na'Allah. Kuma ya iya, Zuliha! In wadansa zai yi magana sai ya ƙanƙance ido ya kumbura murya. Ranar Asabar tun da safe zai fara tambayata ko gobe Lahadi, kamar ni ce mai kalanda.

Abin da ya jawo rigima tambaya ce guda. Ya ce wa Hanifa, “Su wadanni, su wa ne abokan wasansu?” Ta ce babu wannan a littafin. Abin da aka rubuta, wadanni da masu dogon kunne sun yi yaƙi tun zamanin da, har yau ba sa ga maciji. Ya ce, “Sun yi yaƙi tun kakanni, yanzu suna cin kasuwa ɗaya suna hararar juna?” Ta ce e. Ya ce, “Yarinya, ai wannan shi ne wasa. Wanda ya rubuta littafin ne bai gane abin da ya gani ba.”

Shi ke nan, Muhsin ya shiga uku, don shi ne dogon kunne. A cikin labari in sun yada zango, sai Na'Allah ya cinye guzurinsa. Ya ɗauki kibiyarsa ya yi sakace. Ya ce masa, “Kai bawa, ɗauko min gatarina.” Da fari dariya ake yi, har shi Muhsin ɗin.

Sai labarin ya kai su fadar sarauniyar masu dogon kunne. Sun shafe makonni suna neman ganinta, don ita kaɗai ke da ikon barin su ratsa dajinta zuwa dutsen da suka nufa. Sun yi faɗa da kuraye, Saifullahi har ya rasa ido ɗaya, na cikin labari fa. Hanifa ta yafa gyale a ka, ta zama sarauniya. Muhsin ya durƙusa yana jero gaisuwar da ya kwana yana haddacewa. Bai kai ƙarshe ba sai Mijinyawa ya gyara murya ya ce, “Ke baiwata, sauko daga kujerar nan ki kawo wa iyayen gidanki ruwa. Kuma a kaɗe kunnuwan, kar ƙura ta faɗa ciki.”

Shi fa a zatonsa girmamawa ya yi. A wurinmu in ka je gidan abokin wasa ka gaishe shi da ladabi, ai ka yanke zumunci ke nan. Sarauniya kuwa ba ta san da haka ba. Hanifa ta ce ya jefa ɗan ludo, ya jefa, ya faɗi a mafi ƙanƙantar lamba. Aka kwashe su duka aka zuba a rami.

Muhsin ya miƙe a fusace, Hausa ta gudu, sai Turancin broka. Da ya dawo hayyacinsa ya ce ko shi ko Baba a tabarmar nan. Saifullahi ya goya masa baya. Hanifa ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, ka ɗan huta tukuna.” Mijinyawa ya miƙe. Ya ɗauki wadansa ya sa a aljihu, ya koma kan kekensa.

Washegari na fito da koko, sai na ji an ce, “Hajiya, ina kwana. An tashi lafiya? Ya iyali?” Na waiga in ga baƙon da muka yi. Mijinyawa ne, har da ɗan russunawa. Wallahi Zuliha, da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na ce, “Bawa, yau kuma ciwon me ya kama ka?” Ya ce, “Lafiya lau, Hajiya, na gode.” Haka ya yi ta yi min har tsakiyar mako. Na ji shi a waya yana tambayar ɗansa motar Zariya ta wace rana ta fi sauƙi. Nan na san in ba a mai da shi tabarmar nan ba, tsohon nan tafiya zai yi.

Na kira Hanifa ɗaki. Ta ce, “Kaka, labari ba ya komawa baya. Sarauniya ta riga ta yi fushi.” Na ce, “Ita sarauniyar daga sama ta faɗo? Ba ta da kaka a gidan?” Ta dube ni, sai na ga ta fara murmushi. Na ce, “Sa ni a ciki. Dogon kunne, tsohuwa, mai sanda.” Muhsin ya yarda, amma da sharaɗi: in abin bai yiwu ba, Baba ya haƙura har abada. Na ce, “Na ji, maigida. Ka dai tanadi bakin ba da haƙuri.”

Lahadi aka baje tabarma, aka lallaso Mijinyawa ya zauna a gefe yana cin magani. Hanifa ta yafa gyalenta ta ce, “Ga kakar sarauniya ta shigo fada, me za ta ce?” Na ce a kai ni bakin ramin. Na leƙa tabarma kamar da gaske, na ce, “Wa nake gani haka? Ashe bawan gidanmu ne! Ke sarauniya, ba ki san su ba? Da gemunsu uwata take share tsakar gida. In za mu hau doki, kansu muke takawa. Wannan ma da alama ba a gama haihuwarsa ba aka fito da shi, sauran tsawon yana can.”

Na ga gemunsa yana rawa. Na ƙara da cewa wadanni saboda rowa suke zama a rami, don kar baƙo ya gane ƙofa. Ai kuwa sai ya fashe. “Ke! Ke da kunnuwa kamar faifai? In hadari ya taso a ƙarƙashinsu muke shanya hatsi! Kakanki ma mu muka saye shi, muka mayar saboda cin tsiya!” Na rama, ya rama. Saifullahi ya kwanta yana riƙe ciki. Mai soya ƙosai ta tsallaken titi ta bar kaskonta ta zo kallo. Muhsin yana ta cije leɓe, ƙarshe shi ma ya saki.

Na juya na ce, “Kin gani, sarauniya? Haka muke da su tun kafin a haifi uwarki. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.” Hanifa ta miƙo min ɗan ludo ta ce sai na jefa. Na yi bismilla na jefa. Ya tsaya a tsaka-tsaki, ba ci ba faɗuwa. Ja'irar ta yi ɗan tunani, ta ce, “Sarauniya ta yarda akwai wasa. Za a sake su, a ba su hanya. Amma wadan nan a hannun kakata za a sake shi, kuma sai ya faɗa da bakinsa a gaban fada cewa shi bawanta ne.”

Zuliha, ki ga fuskar mutumin nan! Tun ina da ƙuruciya nake neman kalmar nan a bakinsa ban samu ba. Ya dubi kekensa a kusurwa, ya dubi tabarma, ya dubi ɗan wadansa. Ya yi wani gunaguni a cikin gemu. Na ce, “Kunnuwan dogaye ne amma sun tsufa, ɗaga murya.” Ya ja numfashi ya ce, “Ni Na'Allah wada, bawan tsohuwar nan ne. Na'Allah fa na ce! Kowa ya shaida, ban ce Mijinyawa ba!”

Aka fito da su daga rami. Daga ranar Hanifa ta mai da shi doka a tabarmarsu, wada da dogon kunne abokan wasa ne, sai dai a riƙa sanar da sarakuna tukuna. Ni ma ban fita ba. Duk Lahadi ina nan da sandata, in aike shi ɗebo ruwa, ya tafi yana ƙunƙuni. Da safe kuwa ya dawo da baiwata ina kokona, har da ƙari, wai yana rama na Lahadi.

Ya ƙara shekaru a nan kafin idonsa ya ƙi zare da allura. Da ya kai sai an karanta masa lambar ɗan ludo, ɗansa ya zo da kansa, wannan karon bai yi gardama ba. Ranar tafiya an ɗaure keken a bayan mota, ya lalubo aljihu ya damƙa min wadan a hannu. Na buɗe baki zan yi masa addu'a irin ta mutane, sai ya ɗaga min hannu.

Ya ce, “Kul, kar ki soma gaishe ni. Ga bawanki nan na bar miki, shi kika ci a wasa. Ni kuwa ubangidanki tafiya zan yi duba sauran bayina. Ki riƙa wanke masa riga, baiwata, kuma kar ki sa masa bula, Kanawa ba ku san kaya masu tsada ba.”